Fasto Paul Enenche Da Cocin Dunamis: Yadda Aka Faro Daga Ɗakin Haya

   

Duk wanda ya taɓa buɗe shago da sassafe ranar Lahadi a wajen tashar Jabi ya san abin da ido ke gani. Tun gari bai gama wayewa ba za ka ga maza da mata da yara sun ci ado, kowa da Littafi Mai Tsarki a hammata, ana neman motar da za ta bi titin filin jirgin sama zuwa Lugbe. Da yawansu cocin Dunamis suka nufa. Mu kan sayar musu da ruwa da biredi da katin waya, su biya su wuce, mu ma mu ci gaba da harkarmu. Shekara da shekaru ana haka, amma in ka tambayi ɗan'uwanmu mai shago ko mai shayi wane ne shugaban cocin nan, daga ina ya fito, sai ka ji shiru.

Wata rana muna zaune a shago na yi wa Baba wannan tambaya. Sai ya yi murmushi ya ce, "Lokacin da na sauka a garin nan a 1995, wannan coci ko suna ba shi da shi. Tare muka zo cin rani da su." Wannan magana ta Baba ita ta sa na bi diddigin tarihin, kuma abin da na samo shi ne zan kawo muku a yau. Ni Musulmi ne ɗan Musulmi, kuma ba wa'azin addinin kowa na zo yi ba. Tarihin maƙwabci na kawo, domin kuwa wanda kuke kwana ku tashi a gari ɗaya da shi ya kamata ka san asalinsa.

Kafin mu shiga labarin mutumin, bari mu fara da irin cocin, don na lura yawancinmu kuɗin goro muke yi wa Kirista, mu ɗauka duk abu ɗaya ne. To ba haka ba ne. Akwai tsofaffin ɗariku irin su Katolika da Angalika, da ECWA da COCIN waɗanda muka sani a Arewa tun zamanin Turawan mishan. Akwai kuma 'yan Fentikos. Sunan ya samo asali ne daga wata rana da Kirista suka yi imani cewa Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajiran Annabi Isa (AS) har suka riƙa magana da harsuna daban-daban. Shi ya sa ibadarsu ta fi karkata ga addu'a da ƙarfi, da waƙa da kiɗa, da neman waraka daga cuta, da tashi a gaban jama'a a ba da shaidar abin da mutum ya samu. Masu tarihi kan danganta yaɗuwar wannan tafarki a duniya da wani taron farfaɗo da addini da aka fara a birnin Los Angeles na Amurka a 1906, ƙarƙashin wani baƙar fata mai suna William Seymour.

A Nijeriya kuwa, abin ya kankama ne bayan yaƙin basasa, musamman a tsakanin ɗaliban jami'o'i. Benson Idahosa na Benin, wanda ya rasu a 1998, shi ake ɗauka uba a wannan fage. William Kumuyi malamin lissafi ne a Jami'ar Legas lokacin da ya fara ajin nazarin Littafi Mai Tsarki a 1973, wanda ya zama Deeper Life. Enoch Adeboye ma malamin lissafi ne kafin ya karɓi ragamar cocin Redeemed a 1981. David Oyedepo kuwa a nan Kaduna cocinsa na Living Faith ya kafu a 1983, kafin daga baya hedikwatar ta koma Kudu. Mai karatu zai lura cewa waɗannan ukun na ƙarshe duk 'yan boko ne da suka ajiye sana'ar da suka karanta. A wannan layi Paul Enenche ya biyo.

An haifi Paul Enenche ranar 4 ga Yuni, 1968. Ɗan ƙabilar Idoma ne daga Orokam, cikin ƙaramar hukumar Ogbadibo ta jihar Binuwai. Ya yi karatun likita a Jami'ar Jos, kuma matarsa Becky ita ma likita ce. Sun yi aure a 1994. To a wancan zamani, kamar yanzu, iyalin da suka samu likita ɗaya a gida sun gode Allah, balle miji da mata. Hanya a buɗe take ya zauna a asibiti ya ci albashinsa, ko ya bi sahun likitocin da ke ficewa ƙasashen waje saboda matsin tattalin arziki. Sai ya ajiye aikin, ya ce kiran wa'azi ya samu, ya baro Jos ya nufo Abuja a 1996, yana ɗan shekara 28.

Wace irin Abuja ya tarar? A nan ne labarinsa ya haɗu da namu. Janar Murtala Muhammed ne ya sa hannu a dokar kafa sabon babban birni a watan Fabrairun 1976, amma gwamnati ba ta taso daga Legas ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Babangida. Ke nan a 1996, lokacin mulkin Janar Abacha, birnin bai cika shekara biyar da zama fadar gwamnati ba. In ka cire Gbagyi da sauran 'yan asalin yankin, kusan kowa baƙo ne. An kwaso ma'aikata daga Legas an zube su a gidajen gwamnati na Garki da Wuse, wasu iyalinsu na can baya. Matasa masu takardar shaida suna ta kwararowa daga Binuwai da Kogi da Filato da ƙasar Ibo suna neman aiki, suna kwana a ɗakin ɗan garinsu a Nyanya ko Karu ko Kubwa. Mu ma iyayenmu a lokacin suka zo, wani da tirensa na goro, wani da teburin shayi, wani da jakar canji.

Kamar yadda cocin ke ba da tarihinsa, an yi taron ibada na farko ranar 10 ga Nuwamba, 1996, a cibiyar al'adun gargajiya da ke Area 10 a Garki, wadda yanzu ke ɗauke da sunan marubucin nan Cyprian Ekwensi. Suka ba shi suna Dunamis, kalmar Girkanci mai nufin iko ko ƙarfi. Makonni kaɗan suka yi a wurin, sai suka koma wani ɗakin taro a otal ɗin Sheraton da ke Wuse Zone 4, wanda a yau ake kira Abuja Continental. 'Yan'uwanmu 'yan canji da suka daɗe a bakin wannan otal, ƙila wasunsu sun ga shigar waɗannan mutane da fitarsu ba tare da sun san abin da ake ƙullawa ba. A can suka yi wajen wata shida suna biyan haya, kafin a 1997 su samu wurinsu a Area 1, kusa da tsohuwar sakatariyar gwamnatin tarayya.

Kada mai karatu ya yi mamakin jin coci a otal. Abuja birni ne da aka zana a takarda kafin a gina shi, kowane fili da aikin da aka tsara masa, kuma samun fuloti sai da takarda daga hukuma. Tsofaffin ɗariku suna da suna da manya a gwamnati. Sabon fasto da ba wanda ya san shi kuwa, sai dai ya kama hayar ɗakin taro ko ajin makaranta ranar Lahadi, ya jera kujeru da safe ya kwashe da rana. Coci-coci da dama a garin nan haka suka faro. Wasu sun watse tun ba a je ko'ina ba, ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsu.

A Area 1 ne jama'ar Dunamis suka yi shekara ashirin da ɗoriya, kuma a nan suka yawaita har sai da aka riƙa yin ibadar Lahadi kashi-kashi, waɗannan na fita waɗancan na shiga. Suka buɗe rassa a wasu jihohi da ƙasashen waje, suka kafa tashar talabijin, suka riƙa buga ɗan littafin karatun kullum mai suna Seeds of Destiny. Shi kansa faston mawaƙi ne, yana tsara waƙoƙin da ake rerawa a cocin. Ranar 24 ga Nuwamba, 2018, aka buɗe ƙaton ginin nan na Glory Dome da ke kan titin filin jirgin sama, kuma Bishop Oyedepo, wanda Enenche ke ɗauka ubansa a harkar addini, shi ya buɗe shi. Cocin ya ce ginin na ɗaukar mutum 100,000. Daga ɗakin haya na Area 10 zuwa nan, shekara 22 ke nan.

To me ya tara wannan jama'a haka? In ka tambayi mabiyansa, za su ce ikon Allah ne da warakar da suke samu. Wannan imaninsu ne, su da shi. Ni dai ga abin da idona ya gani a Jabi. Akwai wata baiwar Allah 'yar Binuwai da ke sayar da abinci kusa da shagonmu, ta kan karɓi shinkafa da man gyaɗa bashi a wajen Baba ta biya ƙarshen mako. Wata shekara mijinta ya kwanta ciwo, ta yi sati uku ba ta fito ba. Da ta dawo Baba ya ce, "Sannu Madam, ya mai jiki? Kada maganar kuɗin nan ta dame ki." Ta ce, "Na gode Alhaji, 'yan cocinmu na unguwa sun haɗa mini, ga kuɗinka." Ba ta da dangi ko ɗaya a Abuja. Mutanen da suke taruwa addu'a a gidan ɗayansu a tsakiyar mako, su suka yi jinya, su suka biya bashin.

Da ta tafi Baba ya dube ni ya ce, "Ka ga zango ke nan." Ya kuwa yi gaskiya. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro, duk inda suka sauka, ko Salaga ko Kumasi, zango suke kafawa. Haka Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916. Baƙo ya sauka a gidan maigida, a ba shi wurin kwana, a tsaya masa a kasuwa, in ya yi ciwo a yi jinyarsa, in ya mutu a yi masa sutura. Masallaci da sarkin zango su ne ginshiƙi. Abin da zango ya yi wa Bahaushe a Kurmi, shi irin waɗannan coci-coci suka yi wa ɗan Idoma da ɗan Igala da ɗan Ibo da suka tsinci kansu a birnin da ba su da kowa. A can ake jin labarin gurbin aiki, a can ake samun ɗakin haya, a can ake samun miji ko mata.

Ba wai ba a sukar su ba ne. A cikin Kirista kansu akwai masu ganin manyan fastocin Fentikos sun cika maganar arziki da baiko da fitar da ushiri, alhali yawancin masu bayarwa talakawa ne. Akwai masu tambayar amfanin gini irin wannan a ƙasar da asibitoci ke neman gyara. Shi ma Enenche ba ya ɓoye ra'ayinsa a kan gwamnati da siyasa, kuma akwai maganganunsa da ba su yi wa da yawa daga cikinmu daɗi ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma rashin jituwa da ra'ayin mutum bai hana a san tarihinsa ba. Mun ga abin da jahiltar juna ta jawo mana bayan bam ɗin cocin Madalla a Kirsimetin 2011 da na tashar Nyanya a Afrilun 2014, lokacin da mai shayi da mai gyaran takalmi suka zama abin zargi a unguwannin da suka shekara goma a ciki, alhali namu ma sun mutu a Nyanya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Mutanen nan sun san ranar da suka fara, sun san ɗakin da suka fara, sun rubuta sun ajiye, duk shekara suna tunawa. Sun kuma gane da wuri cewa a Abuja wanda ba shi da takardar fili baƙo ne ko ya shekara talatin. Mu fa? Iyayenmu sun zo lokaci ɗaya da su, wasu ma sun riga su. Wa zai faɗa mini shekarar da aka kafa masallacin farko na 'yan kasuwar tashar Jabi, ko sunan limaminsa na farko? Wa ya rubuta yadda namu suka fara zama a Daki Biyu? Lokacin rusau na zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i ke ministan Abuja, tsakanin 2003 da 2007, da kuma hana acaba a tsakiyar birni a 2006, mutanenmu da yawa sun tattara sun koma gida ko bayan gari, kuma labarinsu ya tafi tare da su.

Don haka ina roƙon matasa 'yan'uwana, duk wanda mahaifinsa ko maigidansa ya zo garin nan kafin shekarar 2000, ya samu lokaci bayan sallar isha'i ya zauna da shi da biro da takarda, ko ya naɗi muryarsa a waya. A tambaye shi shekarar da ya zo, wa ya sauke shi, ina ya fara kasa kaya, ina suka fara jam'i. Ni na fara da Baba, har mun cika shafi goma sha ɗaya, kuma bai kai ga labarin aurensa ba tukuna.

Inda na yi kuskure a gyara mini, musamman maƙwabtanmu Kirista masu jin Hausa da suka fi ni sanin wannan tarihi. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu haƙurin zama da juna, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.