Agege: Ƙauyen Cikin Daji Da Goro Ya Mayar Gari

Kwanakin baya ina zaune a wata majalisa a Isale Oja, sai na tambayi wasu samarinmu, waɗanda a nan Legas aka haife su, ko sun san ma'anar sunan Agege. Wani ya ce burodi, aka yi ta dariya. Ni kuwa abin bai ba ni dariya ba, domin yaron da bai san yadda kakansa ya zo wuri ba, ran da aka ce masa baƙo ne shiru zai yi.

Asalin Agege ƙaramin ƙauye ne na Awori, wani reshe na Yarabawa, a tsakiyar kurmi arewa da Ikko. Tsohon mazaunin shi ne wurin da ake kira Orile Agege. Abin da aka fi faɗa game da sunan shi ne daga kalmomin Yarabanci na masu saran itace ya fito, don "ge" shi ne yanka, "igi" kuwa itace. Har yanzu sunayen unguwanni na tona asirin da: Oko-Oba, inda babbar mayankar Legas take, ma'anarsa gonar sarki.

Abu na farko da ya taɓa kurmin nan shi ne koko. Wajen 1880 wani attajirin Ikko, J.P.L. Davies, ya dasa koko a Ijon, ba nisa da Agege. Bayansa wasu 'yan kasuwa da ciniki ya juya wa baya a birni suka fito neman ƙasar noma. Fitacce a cikinsu shi ne J.K. Coker, mai gona a Ifako, kuma a 1907 suka kafa ƙungiyar manoman Agege. Leburorin da suka yi musu aiki, da suka koma garuruwansu, sun tafi da iri da dabarar shuka, wannan na cikin hanyoyin da koko ya bazu a ƙasar Yarabawa.

Na biyu shi ne jirgin ƙasa. A 1901 aka buɗe layin dogo daga Ikko zuwa Ibadan, ya ratsa ta Agege, a 1911 kuma ya isa Kano. Daga nan sai hada-hada ta taso daga tsohon ƙauye ta koma bakin tasha.

To, ina Bahaushe ya shigo? Ta hanyar goro. Da can fatakenmu ayari suke yi zuwa Gwanja, tafiyar watanni da jakuna, su sayo goron ƙasar Asante. Bayan Turawan Ingila sun ci Asante a 1874 sai hanyar ta fara lalacewa, goro ya riƙa zuwa Ikko ta teku. Da manoman wannan yanki suka ga irin kuɗin da ke ciki, kuma kokonsu ya tsufa farashi na hawa da sauka, sai suka dasa irin goron da 'yan Arewa ke so. Kafin a jima kurmin Agege ya zama gonakin goro. Bayarabe ya noma, matansa su ɓare su wanke, Bahaushe ya saya, ya ƙirga ƙwarya-ƙwarya, ya ɗaure huhu da ganye, ya loda a jirgi sai Kano.

Haka zango ya kafu. Maigida ya sauke baƙi, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu a kan bashi. Bayan ɗan goro sai ga mahauci, ga malami da almajiransa, ga mai tuwo, ga wanzami. Aka yi masallaci, aka naɗa Sarkin Hausawa, aka yi auratayya. Daga baya Shaihu Adamu Al-Ilory ya dawo da makarantarsa ta Markaz, wadda ya kafa a Abeokuta a 1952, zuwa Agege, garin ya ƙara suna wajen karatun Larabci.

Amma abin da ya ci kurmi shi ya ci goron. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Legas, Agege ta fita daga Jihar Yamma ta shiga cikinta. Masana'antun Ikeja suka jawo ma'aikata, kowa na neman ɗakin haya mai sauƙi. Mai gona ya ga fuloti ɗaya ya fi masa goron shekara goma, sai aka sa gatari. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum sama da dubu 450 a ƙaramar hukumar Agege. A 2021 aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema, a shekarar kuma sabon jirgin Legas zuwa Ibadan ya fara tsayawa a sabuwar tasha. Yau sai ka yi yawo daga Dopemu zuwa Oko-Oba ba ka ga bishiyar goro ɗaya ba.

Abin da nake so 'yan'uwa su riƙe shi ne wannan. Ƙasa ta Awori ce, wannan ba abin musu ba ne, kuma wanda ya ba ka masauki ya cancanci girmamawa. Amma garin da muke gani yau gumin mutane da yawa ne, namu na ciki fiye da shekara ɗari. Sanin haka shi zai hana mu girman kai, ya kuma hana mu zaman ɗar-ɗar kamar jiya muka sauka daga tirela.

Tsofaffin da suka ga gonakin goro da idonsu saura kaɗan. Wanda ke da irinsu a gida ya zauna da su, ya tambaya, ya rubuta, ko ya ɗauka a waya. Kurmin dai ya tafi ba zai dawo ba, kada labarinsa ma ya bi shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun sake haɗuwa.