Jigo da Tambayar Aji: Nazari a Kan Koyar da Littafin Shaihu Umar a Makarantun Sakandare

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi irin tambayoyin da ake yi wa ɗaliban sakandare a kan ƙagaggun labarai, ta ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a matsayin misali. Ra'ayin maƙalar shi ne, tambayar da ke neman jigo ɗaya tilo tana rufe wa ɗalibi abin da ya fi nauyi a littafin, wato bauta.

Gabatarwa

Shaihu Umar na cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. An buga shi a 1934. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Littafi ne da ya daɗe a hannun ɗalibai, kuma tsawon zaman nan ya sa amsoshinsa sun zama hadda.

Warwarar Jigo

In aka ce wa ɗalibi ya faɗi jigon littafin, yawanci zai ce haƙuri, ko yarda da ƙaddara, ko neman ilimi. Bai yi kuskure ba. Umar ya tashi maraya, aka sace shi yana ƙarami, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, ya yi karatu a ƙasar Masar, ya dawo ya zauna a Rauta yana karantarwa. Amma wannan amsa tana bin sawun babban tauraro ne kawai, wanda bauta ta zame masa tsani.

A dubi Makau, mijin mahaifiyar Umar. Sarki ya tura shi hari tare da sauran fadawa, ya kamo bayi, abokan hamayya suka yi masa sharrin ya ɓoye wasu, aka kore shi daga gari. Mai karatu yana tausaya wa Makau, kuma haka marubucin ya shirya. To, mutanen da aka kamo fa? Labarin ya wuce su kamar yadda ake wuce kayan ganima. A nan ne malami ke da damar tambaya mai tayar da muhawara: zaluncin wa littafin ya nuna mana, na wa kuma ya bari a duhu? Ɗalibin da aka yi wa wannan tambaya dole ya koma cikin shafi ya nemo hujja, domin babu amsarta a takardar hadda.

Sai kuma mahaifiyar Umar, wadda a ganina ita ce zuciyar littafin. Ta bar gida da ƙafarta tana neman ɗanta, aka yaudare ta, aka bautar da ita, aka ƙetara Sahara da ita har Tarabulus. Ta ga ɗan nata, ba da jimawa ba ta rasu. Hanyar da ta ɗaukaka ɗan ita ce ta cinye uwar. Ya kamata a tambayi aji: me ya sa haƙurin Umar ya haifar da malanta, nata kuwa ya ƙare a kabari? Kuma da ita ce ke ba da labarin, ba Shaihun da ya riga ya tsira ba, wane jigo za mu fitar?

Tambaya ta ƙarshen nan ta shafi zubi da tsari. Umar ne ke ba almajiransa labari bayan komai ya lafa, shi ya sa muryarsa ke da sanyi ko a wurin da ya kamata ta girgiza. Ɗalibai kan ɗauki wannan sanyi a matsayin hukuncin marubucin kan bauta. Raba muryar mai ba da labari da ta marubuci aiki ne da ɗan aji biyar zai iya, muddin an ba shi minti goma ya yi gardama da na kusa da shi kafin malami ya rubuta komai a allo.