Daga Kusugu zuwa ɗakin gwaji

1/ A labarin rijiyar Kusugu, Daurama ta ba Bayajidda kuyanga, Bagwariya, wadda ta haifi Karɓagari kafin ita ta haifi Bawo. Tun can ake samun magaji ta ƙarin mace.

2/ Har yau a Daura, in haihuwa ta yi jinkiri sai a ce matar juya ce, a yi mata kishiya. Mijin fa? Shiru.

3/ Alhali tun 1677 Leeuwenhoek ya ga ƙwayoyin maniyyi a madubin ƙara girma. A 1992, a Beljiyam, aka haifi jarirai ta hanyar cusa ƙwayar maniyyi ɗaya tak cikin ƙwan mace, don maza masu ƙarancinsa.

4/ Yayana, kafin ka kai kuɗin aure na biyu, je a gwada ka. Neman magani ba abin kunya ba ne.