Tarihin Fentin Motocin Hot Rod a Amurka

Hot rod suna ne da Amurkawa suka laƙaba wa tsohuwar motar da aka rage mata nauyi aka kuma ƙara wa injinta ƙarfi domin tsere, al'adar da ta samo asali a kudancin Kaliforniya cikin shekarun 1930, inda matasa kan gwada gudun motocin Ford a kan busassun tafkunan hamadar Mojave. Da farko gudu ne kawai abin nema, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman da mujallar Hot Rod ta fara fitowa a 1948, sai ado ya zama abin gasa shi ma.

Wanda ya fi kowa tasiri a wannan zamani shi ne Kenneth Howard, wanda aka fi sani da Von Dutch, ɗan wani mai rubuta allunan talla. Ya farfaɗo da tsohuwar sana'ar jan siraran layuka da burushi mai dogon gashi, wadda a da ake yi wa kekunan doki, sai dai shi ya sake wa hannunsa linzami, layukan suka riƙa murɗewa suna haifar da siffofin da babu mota biyu da ke da iri ɗaya. A arewacin Kaliforniya kuwa, Joe Bailon ya shahara da fentin da ake kira kandi, wato a fara shimfiɗa fenti mai ƙyallin zinariya ko azurfa, sannan a yi ta fesa launi mai shara-shara a kansa, har haske ya ratsa ya dawo, launin ya yi zurfi. Ed Roth, mai zanen wani ɓera da ake kira Rat Fink, ya zarce su, domin shi gangar jikin motar ma da hannu yake ƙera ta.

Abin lura shi ne, manyan zaurukan baje kolin zane sun karɓi dabarun tun kafin su karɓi masu su. Billy Al Bengston, wanda ɗan tseren babur ne, ya shigar da fentin feshi cikin zanensa, Judy Chicago kuma ta shiga makarantar koyon gyaran jikin mota a 1964 ta yi zane a kan bonet, duka biyun kuwa aka kira su masu fasaha, alhali mutanen gareji suna nan a matsayin masu sana'ar hannu. Marubuci Tom Wolfe ya riga ya kwatanta motocin da aikin sassaƙa a wata maƙala ta 1963, amma sai a 1993 gidan adana zane na Laguna ya shirya baje kolin Kustom Kulture, wanda ya haɗa ayyukan Von Dutch da Roth da Robert Williams, tsohon ma'aikacin Roth da ya shiga cikin waɗanda suka kafa mujallar Juxtapoz a 1994. Von Dutch bai ga baje kolin ba, domin ya rasu a 1992.