Mallakar gida ta tarayya

Mallakar gida ta tarayya, ko kondominiyam, tsari ne da kowa ke mallakar sashensa a gini ɗaya, amma fili, matakala da ruwa na kowa ne, kuma tare ake biyan kuɗin gyaransu.

A ƙasar Hausa

A garuruwa irin su Gaya da Ajingi a Jihar Kano, gidan gado ne ya fi kama da wannan: kowane magaji da sashensa, zaure da rijiya kuwa na tarayya. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya sayar wa bare kasonsa kafin a raba gidan, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya kuɗin su karɓe. Ƙasar kanta, dokar 1978 ta damƙa ta amana ga gwamnan jiha.