Daga Hanjin Tunkiya Zuwa Zuciyar Ɗan Adam: Yadda Aka Koyi Facin Jiki da Naman Dabba

Matar da aka yi wa ɗinki bayan haihuwa da manomin da aka ɗauko daga bakin dajin Kamuku da harsashi a ciki, magana ɗaya suke ji daga bakin malamin asibiti: zaren ciki ba a cire shi, da kansa zai narke. Ba kowa ke tambayar da me aka yi shi ba. Wani nau'in zaren nan, wanda likitoci ke kira katgot, kuma har yau yana cikin kayan aikin asibitocinmu saboda arharsa, daga hanjin tunkiya ko na saniya ake murza shi. Mutanen Birnin Gwari sun shekara fiye da goma suna jinyar raunukan da 'yan bindiga suka bar musu, don haka sun fi kowa haƙƙin sanin abin da ake sa musu a jiki da yadda jikin ke karɓarsa.

Tambayar tsohuwa ce. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa aka ƙera masa na azurfa, sai ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Tun a lokacin an ga cewa jiki yana da zaɓi. Akwai baƙon da yake haƙuri da shi, akwai wanda yake yaƙa.

Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana a littafinsa al-Tasrif mai juzu'i 30 yadda ake ɗinke hanjin da ya yage da siririn zare na hanjin dabba. Ya ga aikin yana yi, amma sai bayan ƙarnoni aka gano dalili. Zaren kusan dukkansa kolajin ne, wato sinadarin da ke riƙe fata da jijiya da ƙashi, kuma kolajin tunkiya da na mutum 'yan uwan juna ne na kusa. Da zarar an ɗaure ɗinki, fararen ƙwayoyin jini sukan yi masa caa, su riƙa zuba ruwan da ke narkar da shi sannu a hankali. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙarfinsa ya tafi, wajen kwana 70 babu shi babu alamarsa. Idan miki ya yi ruwa, ko majinyaci yana fama da yunwa, narkewar takan riga warkewa, ɗinki ya kwance. Shi kansa zaren a da yakan shigo da ƙwayoyin cuta. Joseph Lister, likitan fiɗa na Birtaniya, shi ya magance abu biyun: a 1869 ya fara jiƙa zaren cikin ruwan kabolik don kashe ƙwayoyin cuta, a 1881 kuma ya ƙara masa sinadarin kuromiyam, dangin wanda masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa ke jima da shi a Kano. Wannan zaren yana riƙe miki mako biyu zuwa uku, ya ɗauki kamar kwana 90 kafin ya ɓace.

Zare dai mataccen abu ne. Da likitocin ƙarni na 19 suka gwada ɗora ɗanyar fatar kwaɗo da ta zomo da ta tunkiya a kan ƙuna, sai ta yi kamar ta kama, bayan 'yan kwanaki ta yi baƙi ta saɓule. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Peter Medawar da Thomas Gibson suka bi diddigin abin a wani ɗakin masu ƙuna a Gilasgo, suka nuna a 1943 cewa garkuwar jiki ce ke gane baƙuwar fata, kuma tana tuna ta, shi ya sa karo na biyu take saurin tunkuɗe ta. A shekarun 1980 Uri Galili ya ƙara haske: akwai wani sukari, alfa-gal, a jikin ƙwayoyin halittar saniya da tunkiya da alade, wanda mutum ba shi da shi, kuma kowannenmu yana yawo da makaman yaƙarsa a cikin jini. Saboda haka fatar dabba ta zama mayafin wucin gadi kawai, a rufe ƙuna da ita ta rage zafi da zubar ruwa kafin a samu fatar mai ita.

Wanda ya buɗe ƙofar dawwama shi ne Alain Carpentier na Faransa. A 1965 shi da Jean-Paul Binet suka dasa wa mutum murfin ƙofar zuciya na alade a Faris, amma murafun farko ba su yi ƙarko ba. Wajen 1968 ya koma jiƙa su cikin sinadarin gulutaraldihaid. Duk wanda ya taɓa tsayawa a majema ya ga yadda bagaruwa ke mayar da ɗanyar fata ƙirgin da ba ya ruɓewa ya riga ya fahimci dabarar. Sinadarin yana ƙulle zarurrukan kolajin da juna, ya kashe ƙwayoyin halittar dabbar, ya dushe alamun da garkuwar jiki ke gane baƙo da su. Daga nan aka samu murafun da ake ɗinkawa da tantanin da ke lulluɓe da zuciyar saniya, tantanin da ake facin jijiyoyin jini da shi a yau.

Sai dai jimammen nama ba ya rayuwa, ba ya girma, ba ya gyara kansa. Jiki yakan kewaye shi da tabo, alli ya riƙa taruwa a cikinsa har ya ƙandare. Murfin yakan yi shekara 10 zuwa 20 a jikin dattijo, a jikin matashi kuwa bai cika kaiwa haka ba. A nan abin ya fi taɓa ni, domin masu lalacewar murfin zuciya a Arewa galibi yara ne da matasa waɗanda ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba ya zame musu ciwon zuciya. Murfin ƙarfe ya fi ƙarko, amma yana tare da shan maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwa da gwajin jini a kai a kai, kuma maganin yana da haɗari ga mai juna biyu. Yarinyar da ke Kuyello ko Randagi a yankin Birnin Gwari, wadda tsakaninta da Kaduna akwai hanyar da aka daɗe ana tare matafiya, zaɓinta ba ɗaya ba ne da na 'yar cikin birni.

Dabara ta uku ta fi sauran kusa da yadda Allah ya tsara warkewa. Maimakon a jeme naman, sai a wanke ƙwayoyin halittar dabbar tas, a bar saƙar kolajin kaɗai. A Amurka, Ioannis Yannas da likita John Burke suka haɗa fatar wucin gadi da kolajin saniya, aka amince da ita da sunan Integra a 1996. Idan aka shimfiɗa ta a kan ƙuna mai zurfi, cikin mako biyu zuwa uku ƙananan jijiyoyin jinin majinyaci suna kutsawa cikin saƙar, ƙwayoyinsa su zauna, su riƙa cinye ta suna gina tasu. Haka ake yi da ƙashin saniya da aka tsarkake don cike muƙamuƙi. A Fortaleza ta ƙasar Burazil ma likitoci sun mayar da fatar karfasa, wadda masunta ke zubarwa, abin rufe ƙuna. Kowace dabara da farashinta: wanda aka jeme sosai yana daɗewa amma ba ya zama jiki, wanda ba a jeme ba yana zama jiki amma yana iya narkewa kafin ya gama aiki. A mikin harsashi mai datti kuwa, duka biyun suna iya ruɓewa, sai an fara tsabtace shi. Shi ya sa har gobe naman mutum da kansa ya fi komai. A Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999 don yaran da cutar noma ta ci wa fuska, da fata da tsokar yaron ake sake gina masa kunci da leɓe.

Malamai ba su bar maganar ba. A taron fiƙihu da likitanci da aka yi a Kuwait a 1995, an tafi a kan cewa facin da aka ɗauko daga dabbar halal da aka yanka ya halatta, na alade kuwa sai bisa larura idan babu madadi. Majinyaci na da damar tambayar likita daga wace dabba facin ya fito, kuma bai kamata a ji nauyin tambayar ba. Akwai kuma batun lafiyar dabbar. Bayan ɓullar cutar haukan shanu a Ingila, ƙasashen Turai da Japan sun daina aiki da zaren hanji, suka koma na roba mai narkewa irin su Vicryl, kamfanoni kuma suka karkata ga shanun Ostireliya da Niyu Zilan, inda ake sanin asalin kowace dabba.

A ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar karar Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, motocin shanu suka dawo hanya. A jihar Kadunan nan ɗaya, a Zariya, akwai cibiyar binciken kiwo ta NAPRI da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga tsangayar likitancin dabbobi da cibiyar fasahar fata ta NILEST a Samaru. Dabba tana nan, ilimin jima yana nan, masu rauni suna nan, amma zare da facin da ake ɗinka su da shi galibi daga waje ake sayo su da dala. Ya kamata gwamnatin Kaduna ta zaunar da waɗannan cibiyoyi wuri ɗaya, a fara da mayanka mai tsabta da rajistar lafiyar dabbobi, sannan a gwada abin rufe ƙuna na gida wanda talaka zai iya saya.