Harbin Dabbobin Ɓarna Daga Nesa: Yadda Ake Yin Sa a Amurka da Dalilin Taƙaddama a Kansa

A filayen kiwo na yammacin Amurka akwai wani nau'in farauta da ba don nama ake yin sa ba. Maharbi kan kafa bindigarsa a kan teburi ko buhun yashi, ya auna dabbar da ba ta fi kurege girma sosai ba daga nisan mita 300 ko fiye. Abin harin shi ne dabbobin da manoma da makiyaya ke ɗauka a matsayin maɓarnata, irin su "prairie dog", wata dabba dangin kurege mai haƙa ramuka rukuni-rukuni, da "coyote", ɗan'uwan dila mai kama 'yan tumaki.

Me ya sa ake neman gudu?

Da zarar harsashi ya fita daga bakin bindiga, nauyinsa zai fara janyo shi ƙasa, iska kuma tana karkatar da shi gefe. Idan ya isa wurin da aka nufa da wuri, faɗuwarsa da karkatarsa suna raguwa. Wannan ne ya sa masu wannan harbi suke son ƙaramin harsashi mara nauyi, wanda aka ɗora a kan kwanso mai cin albarushi da yawa.

A 1935 kamfanin Winchester ya fito da .220 Swift, harsashin kasuwa na farko da ya zarce ƙafa 4,000 a daƙiƙa, wato kusan mita 1,200, fiye da ninki uku na gudun sauti. Wasu harsasan kuwa maƙeran bindiga ne suka ƙirƙiro su a ɗakunan aikinsu, ta hanyar matse bakin kwanson wani harsashi domin ya ɗauki ƙarami. Haka .22-250 ya samo asali a shekarun 1930, kafin Remington ya mayar da shi hajar kasuwa a 1965. A 2004 Ruger da Hornady suka haɗa hannu suka fitar da .204 Ruger.

Sai dai gudun yana da tsadarsa. Zafin albarushi mai yawa yana cinye cikin bututun bindiga, har saitinta ya lalace, a sake sabo.

Aikin madubin hangen nesa

Madubin da ake ɗaurawa a saman bindiga yana kusanto da abin hari, yana kuma da maɓallan gyara saiti sama ko gefe. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, MOA, daidai yake da kusan santimita 2.9 a nisan mita 100. Kuskuren MOA ɗaya a mita 400 ya haura santimita 11, wanda ya isa a kuskure ƙaramar dabba baki ɗaya.

Dangantaka da makaman soja

A 1950 Remington ya fito da .222 domin irin wannan harbi. Daga gare shi aka samar da .223, wanda samfurinsa na soja, 5.56, shi ne harsashin bindigar M16, kuma ƙungiyar NATO ta amince da shi a 1980.

Inda ake saɓani

Makiyaya na cewa dabbobin suna cinye ciyawar shanunsu, kuma harbi ya fi guba sauƙin illa. Masu kare muhalli kuwa suna nuni da "black-footed ferret", wata dabba mai siffar tunku da kusan duk abincinta "prairie dog" ne. An ɗauka ta ƙare a duniya, sai a 1981 aka sake ganin ta a jihar Wyoming.

Akwai kuma batun dalma. Harsashi mai tsananin gudu yana tarwatsewa a jikin dabba, kuma yawanci ana barin gawar a fili, inda mikiya da shaho ke ci su kamu da guba. Tun 1 ga Yulin 2019 jihar Kalifoniya ta haramta harsashin dalma a kowace irin farauta. A shekarar ce kuma New Mexico ta hana gasar kashe "coyote". Tunda yawancin dokokin farauta a hannun jihohi suke, abin da ya zama laifi a wata jiha yana iya kasancewa halal a maƙwabciyarta.